Kantin da Ya Karye da Auren Ƙanwata

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare ta wajen Kiru, aka ɗora mini wani aiki da har yau in na tuna shi sai na sauke ajiyar zuciya. Kwanan nan wani a cikinku ya tsokane ni, wai na cika jan rai kafin na ce sana'ar wani ta mutu ko ta dawo. To ga inda na samo wannan ɗabi'ar.

Sai dai ku fara sanin ko ni wane ne. Ni mutum ne mai ƙara wa labari gishiri. Ba maƙaryaci ba ne ni, Allah ya kiyaye, amma in na ga akuya ta tsallake kwata, kafin na isa gida ta zama ta tsallake rafi. Mahaifiyata da na fara ba da labari take cewa, “To jama'a, a raba biyu a zubar da rabi.” Kowa a gidanmu ya san ni da haka, ni ma na san kaina, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Ƙanwata da take bi na ta gama makarantar koyon aikin lafiya, tana aiki a ƙaramin asibitin garinmu, can gefen Bagauda. Sai wani saurayi daga Tudun Wada ya fito yana neman ta. Ita ma tana son sa, irin son da ba ya ɓoyuwa, don ko sunan garinsu aka ambata sai ka ga ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. A gidanmu kuwa uba ba ya sa baki a auren 'yarsa. Mahaifinmu yana nan da ransa, amma magana tana hannun yayansa, wato Baffa. Shi ke bayarwa, shi ke hanawa, kuma ba ya cewa a turo magabata sai ya aika an binciko asali da hali da sana'a.

Asali da hali ba su ba da wahala ba. Sana'ar ce ta zama abin magana.

Mahaifin saurayin shi ne mai wani babban kanti da aka yi a Kwanar Dangora. Duk wanda ya girma a yankinmu ya san shi. Kayan ɗakin amare ake sayarwa: kwanuka, tukwane, kuloli, zannuwan gado, labule, tangaran. Daga Bebeji har Doguwa nan ake zuwa, ba sai an shiga Kano ba. Iyaye mata sukan kai kuɗi kaɗan-kaɗan su ajiye a wurinsa tun yarinya tana ƙarama, in biki ya taso su zo su ɗebi kaya. Ana nan sai kantin ya karye. Kaya suka yi tsada, bashi ya taru, dilolin Kano suka zo suka kwashe abin da ya rage, aka sa kwaɗo. Lokacin ina karatu a Zariya, labarin kawai ya iske ni, shi ma guntu-guntu.

Bayan wasu shekaru sai ga sunan kantin ya sake fitowa, amma a waya. Ɗan ne ya ɗauko shi ya buɗe shafi a intanet, yana sa hotunan kaya, mutane suna saye.

Nan gidanmu ya rabu biyu. Goggo, ƙanwar su Baffa, ta ce ita ba da yawunta ba. “Karyayyu ne fa,” in ji ta. “Uban ya cinye wa mata ajiyarsu da ƙofa a buɗe, shi ne ɗan zai zo ya ci ta waya inda ba mai ganin sa. Kanti ba ƙofa, ba gini, ai wannan damfara ce da sallama.” Mahaifiyata da ƙawayen ƙanwata kuma suna cewa kanti ya dawo, har ya fi na da, yaron ya zama babban ɗan kasuwa. Kowa da irin kalmar da ya riƙe, kuma babu wanda ya taka ya je ya gani.

Ranar wata Laraba Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar awaki. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

“Kai ne ka san kan wayar nan,” ya ce. “Za ka je ka dubo mini sana'ar yaron nan. Abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji shi za ka kawo mini.”

Na ce, “To, Baffa.”

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. “Na san halinka. Wannan ba hirar majalisa ba ce, shaida ce. Kada ka ƙara, kada ka rage. Rayuwar yarinya ce.”

Na fito ina jin kaina wani babba. Ban yi nisa ba girman ya fara yi mini nauyi.

Da safiyar Asabar ina goge babur ƙanwata ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ba ta taɓa yi mini maganar saurayinta baki da baki ba, kunya ba ta bari. Ranar kuwa ta ajiye kunyar gefe. Ta miƙo mini wayarta, ta nuna mini shafin. A can sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa babban kantinku ya dawo, ya fi da.

“Yaya, don girman Allah,” ta ce, “in ka dawo ka ce wa Baffa kantin ya dawo kawai. Ai ba ƙarya ba ne, ga shi a rubuce. Ka san in ya ji kalmar karyewa shi ke nan.”

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai yayanta ne zai je. Na faɗa da ƙarfin gwiwa sosai, irin na wanda bai san abin da zai tarar ba.

Na fara tsayawa a Kwanar Dangora. Tsohon kantin yana nan, amma ya zama sito, buhunan masara ne a ciki har rufi. Sunan yana jikin bango ya koɗe, sai ka matsa kusa za ka iya karantawa. Na daɗe a tsaye ina kallo, don a nan aka taɓa saya mini fitilar hannu ina yaro, kuma a idona na lokacin babu wurin da ya kai shi girma a duniya.

Na zauna wurin mai shayi, na jawo hira kamar ba komai. Ban sha wahala ba, mutanenmu ba a roƙon su labari. Mai shayin ya ce, “Wannan kanti ai ya mutu murus, an yi jana'izarsa. Ko sisi ba a biya kowa ba.” Wani mai sayar da rake da ke gefe ya ce, “Kai ji tsoron Allah! Mutumin nan sai da ya biya kowa tas, har gonarsa ya sayar.” Suka kaure da musu, suka manta da ni. Wani direban motar Doguwa da ke shan shayi ya kurɓa ya ce shi dai bai san na da ba, amma da wuya mako ya wuce bai ɗauki saƙon ɗan ba, kwali a ɗaure da lambar waya a jiki, kuma bai taɓa jin wanda ya karɓa ya yi ƙorafi ba. Na tashi daga nan da labari kala-kala, kowanne mai shi yana rantsuwa.

Na kama hanyar Tudun Wada. A al'ada mai bincike ba ya shiga gidan waɗanda ake bincika, maƙwabta yake tambaya da liman da 'yan majalisa. Na yi duk wannan, kuma ba wanda ya aibata yaron. Amma an ce gani ya kori ji, Baffa kuma idona ya aika. Sai dabara ta faɗo mini: zan je a matsayin mai sayen kaya. Na ja hula ta rufe goshi, na sauya murya, na yi sallama a ƙofar gidan na ce an ce mini ana sayar da kular abinci a nan.

Saurayin ya fito, ya dube ni sau ɗaya, ya durƙusa har ƙasa.

“Sannu da zuwa, Yaya. Ya hanya? Ya su Baffa?”

Ashe hotona ya fi a ƙirga a wayar ƙanwata, kuma duk ya gani. Na gyara hulata na amsa gaisuwa da muryata ta ainihi. Ban sake tayar da maganar kula ba, shi ma ya yi mini kara bai tayar ba.

Ya kai ni inda yake sana'ar. Ɗaki ɗaya ne a cikin soron gidansu. Kwalaye a jere a bango, tebur ɗaya, sai wani farin yadi da ya rataya wanda yake ɗora kaya a gabansa ya ɗauki hoto. Shi ke nan babban kantin da ya fi na da. Ya nuna mini yadda abin yake tafiya: ya sa hoto, mace ta gani daga Kiru ko Doguwa ko ma Kaduna, ta zaɓa, ta turo kuɗi, ya ɗaure ya kai tasha ya ba direba. Abin da babu a ɗakin ya shiga Kano ya sayo. Ina zaune wayarsa ba ta huta ba, har wata mata ta kira tana faɗa a kan kalar labule, ya yi ta ba ta haƙuri.

Na nuna masa rubutun saman shafin na ce, “Wannan fa? Ya fi da?”

Ya sosa ƙeya yana dariyar jin kunya. “Talla ce, Yaya. In na rubuta ɗaki ɗaya wa zai saya?”

Na yi dariya, don a wannan fannin ni ba ni da bakin yi wa kowa faɗa. Har na fara shirin tashi sai ya ce na ɗan dakata. Ya ajiye wayar a kan tebur ya kife ta.

“Akwai abin da nake so ka ji daga bakina, kada ka tsince shi a hanya,” ya ce. “Da kantin Baba ya karye, manya sun zauna. Ya sayar da gona da motar ɗaukar kaya. Diloli sun samu nasu. Amma matan da suka yi ajiya ba duka aka iya biya cikakke ba. Wasu sun samu duka, wasu wani abu aka ba su suka yafe sauran. Akwai waɗanda suka yafe a baki, amma har yau in Baba ya gaishe su ba sa amsawa. Shi ya sa ni ba na karɓar ajiyar kowa. Sai kaya suna hannuna ko na san inda zan ɗauko su yau nake karɓar kuɗi.”

Ban tambaye shi ba. Wallahi ban ma yi niyyar tambaya ba, don na riga na yanke a raina cewa zan riƙe maganar mai rake, tunda ita ta fi daɗi.

Da za mu fita muka tarar da mahaifinsa a zaure, a kan tabarma, yana ɓare masara a cikin ƙwarya. Dattijo ne fari siriri, ba ka ce shi ne mai wancan kanti ba. Na gaishe shi, ya san abin da ya kawo ni. Na fara 'yan kame-kame, ina cewa ai mun ji an ɗan samu matsala a shekarun baya. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

“Ɗana, kada ka yi mini kara. Ba 'yar matsala ba ce, karyewa na yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.” Ya nuna ɗan da haɓa. “Wannan na waya kuma ba nawa ba ne. Ban san ma ta inda ake buɗe shi ba. Suna kawai na ba shi, shi ma sai da ya daɗe yana roƙo, don ban so ya ɗauki kayan da ba shi ya ɗaura ba.”

A hanyar dawowa ne na gane irin ramin da na faɗa. Gaba kura, baya siyaki. Ina tuƙi ina gwada magana a bakina. In na ce kanti ya dawo, Baffa zai hango wancan ginin mai ƙofofi da kaya har rufi, alhali ɗaki ɗaya na gani, na yi ƙarya ke nan ko da kalmar tana rubuce a waya. In na ce karyayyu ne kamar yadda Goggo take faɗa, na zalunci yaron, don shi bai taɓa karyewa ba, yana makaranta abin ya faru. In na ce an ɗan samu matsala, mai abin da kansa ya hana ni. Na gwada cewa ya farfaɗo, sai na ga ai wanda ya suma shi ke farfaɗowa, wannan kuwa wani ne ya faɗi, wani daban ya tashi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar matan nan da ba a biya cikakke ba. Zuciyata ta yi ta raya mini cewa in na bar ta ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi. Ba laifin yaron ba ne, don me zan ɗora masa? Ga fuskar ƙanwata tana ta dawo mini. Har na tsayar da shawarar zan tsallake wurin. Can kuma sai na ji muryar Baffa yana cewa kada ka rage.

Shanu suka tare hanya, na tsaya ina jira su wuce, ban san a fili nake magana ba, har da nuni da hannu. Bafulatanin da ke kora su, wani magidanci da sanda a kafaɗa, ya tsaya yana kallona.

“Malam, lafiya dai? Da wa kake faɗa?”

Na ce, “Da baffana.”

Ya duba bayan babur ɗin, ya ga ba kowa. Ya ce, “To Allah ya sawwaƙe,” ya bi shanunsa da ɗan sauri.

Washegari bayan la'asar na je zauren Baffa. Yana zaune da ƙaninsu, wanda muke ce wa Baffa Ƙarami. Mahaifina bai zo ba, kamar yadda aka saba. Goggo kuwa ta kafa kujera a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, wai tana tsinke zogale. Na durƙusa. Ni da ake roƙo na yi shiru, ranar sai da Baffa ya ce, “Muna jin ka.”

Na ce, “Baffa, kantin mahaifinsa na Kwanar Dangora ya karye, an rufe shi, yanzu wurin sito ne na wani. Manya sun zauna a lokacin, ya sayar da gona da mota. Diloli sun samu nasu. Matan da suka yi ajiya, wasu an biya su duka, wasu an ba su wani abu suka yafe sauran, kuma akwai waɗanda har yau suna riƙe da shi a rai.”

Daga bayan ƙofa Goggo ta ce, “Ai dama na faɗa!”

Baffa ya yi gyaran murya, ta yi shiru. Na ci gaba.

“Shi yaron ya ɗauki sunan kantin yana sayar da irin kayan ta waya. Ba shi da shago, ɗaki ɗaya ne a gidansu, na shiga na gani. Jarinsa daban da na uban. Ba ya karɓar ajiya. Direban da yake ɗaukar masa saƙo ya ce bai taɓa jin ƙorafi ba. A shafinsa ya rubuta cewa kantin ya fi na da, wannan kam talla ce, bai kai ba.”

Baffa Ƙarami ya ce, “To mu dai a taƙaice, kantin ya dawo ko bai dawo ba?”

Na ce, “Sunan ya dawo, Baffa. Kantin bai dawo ba. Sana'a ce sabuwa da tsohon suna.”

“Za ta riƙe gida?”

“Abin da na gani, da ita ake ci a gidan ubansa. Abin da zai faru gaba ban sani ba.”

Baffa yana ta jan carbi. Can ya ce, “Maganar matan da ba a biya duka ba, a wurin wa ka ji ta? A tasha?”

Na ce, “A'a. A tasha wani ya ce an biya kowa, wani ya ce ba a biya kowa ba. Shi yaron ne ya faɗa mini yadda aka yi.”

“Kai ka tambaye shi?”

“Ban tambaye shi ba. Har na miƙe zan tafi ya tsayar da ni.”

Ya gyaɗa kai. “Tashi ka je. Allah ya yi maka albarka.”

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kafin na isa gida labari ya riga ni, don Goggo ba ta bari ya huce ba. Aka ce wa ƙanwata yayanta da bakinsa ya ce karyayyu ne, har ya tono maganar ajiyar mata. Na tarar da ita a ɗakin mahaifiyarmu idanu sun kumbura. Na buɗe baki zan yi bayani, ta tashi ta fita. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, “Kai da kullum kake ƙari, yau da ake son ƙarin ne ka tashi da tsoron Allah?”

Wannan magana ta yi mini ciwo ƙwarai. Kwanakin da suka biyo baya ƙanwata ba ta gaishe ni ba. In ta kawo abinci sai ta dire a bakin ƙofa ta juya. Ni kuma na yi ta zagin kaina, ina cewa da na sani na tsallake wurin nan, wa zai sani? A makaranta ma ba na gane abin da nake koyarwa. Na tabbata a raina cewa na kashe wa yarinyar nan aure da bakina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa ya yafuto ni, ya ce na kai shi gida. Ya hau bayan babur, ya tattare babbar rigarsa. Mun bar cikin jama'a ke nan ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

“Ka aika wa yaron nan, a ce ya turo magabatansa.”

Saura kaɗan na zubar da mu a kwata. Baffa ya dafe kafaɗata ya ce, “Kai, za ka kashe ni kafin ɗaurin auren ne?” Na gangara gefen hanya na tsaya. Bai sauka ba, yana zaune a baya ya ci gaba da magana.

“Kana Zariya lokacin, ba ka sani ba. Innarku ta yi ajiya a kantin nan saboda kayan ɗakin yayarku. Da aka yi zaman ina wurin. Ina cikin waɗanda aka ba wani abu suka yafe sauran, kuma ni har zuciya na yafe, don na ga mutumin bai ɓoye ko tsinke ba.”

Innar da yake nufi matarsa ce, yayar kuma babbar 'yarsa. Na juyo ina kallon sa baki buɗe.

“Uban na san shi,” ya ce. “Ɗan ne ban sani ba. Wanda ya ɗauki sunan ubansa yana talla da shi, so nake na ji ko ya ɗauka har da abin da ke jikin sunan. Da ka dawo mini ba ka ambaci matan nan ba, da na ce ya rufe maka. Wanda kuwa zai fara neman aure da rufa-rufa, ba zan ba shi 'ya ba. Da maganar ta ƙare a nan.”

Ainihin wurin da na so na tsallake don tausayin yaron, ashe shi ne kaɗai abin da Baffa yake jira. Da na yi masa wannan taimakon, da an yanke masa hukuncin mai ɓoye-ɓoye a kan abin da ya faɗa da bakinsa ba tare da an tambaye shi ba. Kuma da ba wanda zai taɓa sanin ni ne sila, har ni kaina.

Na sauke Baffa, na wuce gida a guje. Na tsaya a tsakar gida na faɗa da ƙarfi cewa Baffa ya ce a turo. Ba wanda ya motsa. Mahaifiyata ta ce, “A raba biyu.” Sai da na rantse har sau ba adadi, sannan ƙanwata ta leƙo daga ɗaki, ta dube ni, ta fashe da kuka ta koma. Ni ma sai na zauna a kan turmi ina ta dariya ni kaɗai. Ban taɓa jin sauƙi a raina irin na ranar ba.

Goggo ba ta sauko da wuri ba. Har ranar jere tana ɗaga kwanukan da aka sayo a wurin angon tana duba gindinsu, wai ko na hoto ne. Bayan biki angon ya zo da kansa ya ce na taya shi gyara rubutun saman shafin. Muka zauna muka cire “ya fi da”. Muka rubuta cewa suna sayar da kayan ɗaki ta waya da sunan tsohon kantin mahaifinsu, ba su da shago, ana aikawa ta mota. Ya yi ta fargabar masu saye za su gudu. Wasu ƙila sun gudu, ban sani ba, amma sana'ar tana nan har yau, ta ci ɗaki na biyu.

Ban daina ƙara gishiri ba, kada ku ɗauka na zama waliyyi. Akuyata har yanzu rafi take tsallakewa. Amma na koyi bambanta hira da shaida. In maganar ta shafi sana'ar mutum ko mutuncinsa, nakan tsaya na nemi kalmar da ta yi daidai da abin, ba wadda za ta faranta wa mai so ba, ba kuma wadda za ta faranta wa mai ƙi ba. Kalma mai daɗi da kalma mai zafi duk suna da saurin zuwa baki. Ta tsakiyar ce sai an neme ta, kuma sau da yawa ba kalma ɗaya ba ce, sai ka haƙura ka yi jimla uku. Har yau in na tuna yadda na kusa cutar da mutanen nan da sunan tausayi, nakan yi istigfari.

Kwanakin baya na kai musu ziyara Tudun Wada. Ƙanwata ce yanzu take amsa waya in ta dawo daga asibiti. Muna zaune tana goye da ƙaramin ɗanta wata mata ta kira, muryarta har inda nake. Ta tambayi kuɗin zanin gado, sannan ta ce, “Wai don Allah, ba ku ne masu kantin nan na Kwanar Dangora da ya karye ba?”

Na ɗago da sauri ina kallon ƙanwata, wadda ta taɓa kwana da kwanaki ba ta gaishe ni ba saboda wannan kalmar. Ko gezau ba ta yi ba. Ta gyara goyonta ta ce, “E Hajiya, mu ne. Na surukina ne ya karye, wannan na ɗansa ne. Wace kala kike so?”